Tsohon kuɗi a Damargu: kafin ki goge, kafin ki sayar

 Tun daga shekarar 2014 da aka gano zinari a Jado da Cibarakatan, na'urar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ta zama abin da kowane yaro ya sani a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas. Ita kuwa na'ura ba ta bambanta zinari da tagulla, duk abin da ta ji sai ta yi kuka, shi ya sa tare da labarin zinari sai ga labarin tsohon kuɗi ya shigo kasuwanninmu. Wasu suna yawo suna tambayar mata ko akwai tsofaffin sulalla a cikin adudun kaka, su saya da araha. Wasu kuma suna nuna wa ƴan kasuwa ƴan ƙarafa masu tsanwa-tsanwa a cikin tsumma, su ce kuɗin Rumawa ne na shekara dubu biyu, wai Nasara na sayen kowane ɗaya da miliyoyi. A duka biyun akwai wanda ake cuta, kuma sau da yawa mace ce wadda ta fitar da gadon uwarta saboda hatsi ya yi tsada.

Tambayoyin da masu saurare suka fi aiko mana a kan wannan batu uku ne: mene ne wannan da ke hannuna, nawa ya kamata ya yi, kuma da me zan wanke shi. Za mu bi su, amma sai mun fara da abin da ya fi yiwuwa a samu a gidajenmu, domin ba kuɗin Rum ba ne.

Abin da ayari ya bari

Damargu hanyar ayari ce. Fataken da ke tasowa daga Kano da Damagaram zuwa Agadas, Gat da Turabulus nan suke bi, nan kuma Abzinawa suke sayen hatsi. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta cikin watan Janairu na 1851, a nan ne ma ya rabu da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, kowa ya kama hanyarsa. Da ya isa Kano ya tarar ana canza babban sulen azurfa guda ɗaya a kan wuri 2,500. Wurin nan kuwa da kakanninmu suka ƙirga har bayansu ya ƙage, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya da gaɓar Zanzibar ake kawo shi. Tun kafin wannan ma, a 1353, matafiyi Ibn Battuta ya ga mutanen Takadda, a yammacin Agadas, suna cefane da ƴan sandunan jan ƙarfe, masu kauri da sirara. Wato ƙasarmu ta daɗe da sanin kuɗi, sai dai ba ta saba buga shi da hoton sarki ba.

Babban sulen da Barth ya gani shi ne liyari, wanda a Barno ake kira gursu. Kuɗin ƙasar Ostiriya ne. A fuska ɗaya akwai hoton wata mace mai jiki da lulluɓi a kai, ita ce sarauniya Mariya Tereza, a ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu. To ga inda ake yaudarar mutane: kusan kowane liyari da za ki gani an rubuta masa 1780. Wannan ba ita ce shekarar da aka buga shi ba, shekarar da sarauniyar ta rasu ce. Da yake Larabawa da Habashawa da mutanenmu sun riga sun yarda da shi ba sa son a sauya masa komai, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara, a Biyana, daga baya har a Rum, Landan, Paris, Burusal da Bombai, kuma har gobe Ostiriya na buga sabo. An buga sama da miliyan 300. Saboda haka idan wani ya ce miki naki ya haura shekara 240 don ya ga 1780, bai san abin ba, idan kuma mai sayarwa ne ya faɗa, to ya sani sarai.

Amma kada wannan ya sa ki raina shi. Liyari na gaskiya nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa kusan santimita 4, kuma a cikin kowane kashi 1,000 na jikinsa kashi 833 azurfa ce, wato giram 23 da ɗoriya na tsantsar azurfa. A gefensa akwai rubutu mai tudu da ya kewaye shi, wanda aka yi don kada a kankare bakin a saci azurfa. A ƙarƙashin hoton akwai haruffa biyu, S.F., kuma bayan 1780 akwai ƴar alama kamar X. Fataken da ba su iya karatun boko ba suna da tasu dabara: sukan duba ƴan ɗige-ɗigen lu'ulu'un da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniya, in sun shafe sai su rage masa daraja ko su ƙi karɓa. Da irin wannan azurfa maƙeran Abzin suka yi ta ƙera abin wuyan nan na Agadas da zobba da mundaye, shi ya sa da yawa suka ƙare a cikin wuta.

Na biyu shi ne dala ta azurfa, wato tamma 5 ta Faransa. Ita giram 25 ce, kashi 900 cikin 1,000 azurfa. Za ki ga kan Louis-Philippe, ko Napoleon na 3, ko wani ƙato tsakanin mata biyu, wani lokaci ma sarkin Beljiyam Leopold na 2, domin tun 1865 ƙasashen suka daidaita nauyin kuɗinsu. Ita shekararta ta gaskiya ce, kuma an daina buga ta don kasuwa tun 1878. Sunan nan dala da muke ƙirga sefa da shi har yau, mu ce dala 20 maimakon tamma 100, daga wannan zuriya ya fito: Jamusawa suka ce taler, Ingilishi suka ce dola, mu muka ce dala.

Na uku su ne na Ingilishi da suka hauro daga Kano da Katsina. Sule mai hoton bishiyar kwakwa na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, amma daga 1920 aka rage ta, aka koma farin gaci mai ruwan ɗorawa. Kwabo mai huji da anini ba su da azurfa ko kaɗan. Akwai kwabon 1936 mai sunan sarki Edward na 8, wanda bai cika shekara kan gado ba ya yi murabus. Ana yawan zuzuta shi, alhali an buga shi da miliyoyi, kuma a wajen masu tara tsohon kuɗi ba shi da wata tsada.

To ina na Rumawa?

Daular Rum ta mallaki gaɓar Libiya, Tunisiya da Aljeriya ɗaruruwan shekaru. Ɗaya daga cikin manyan sarakunanta, Septimius Severus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, haifaffen Libda ne a gabashin Turabulus. Sun yi ciniki da mutanen Jarma na Fezzan, can wajen Sabha da ƴaƴanmu ke zuwa ci-rani, kuma wajen shekara ta 90 wani mai suna Julius Maternus ya bi sarkin Jarma zuwa wata ƙasa mai karkanda da suka kira Agisimba, wadda wasu masana ke cewa Abzin ce, wasu su ce wajen tafkin Chadi. A 1925, da aka buɗe kabarin Tin Hinan a Abalesa ta ƙasar Hoggar, an samu tambarin kuɗin sarki Kustantin a jikin ɗan fallen zinari. Kenan kuɗin Rum ya taɓa shiga Sahara, amma ɗai-ɗai, a matsayin abin ado ko tsaraba, kuma yawan abin da aka samu yana raguwa ne yayin da ake yin kudu. Wanda ya zo miki Bakin Birji ko Gangara da cikin gwangwani, ya ce a bayan gari ya tono, to ki san ko dai daga arewa aka ɗauko su, ko kuma jiya aka zuba su.

Abin mamaki, Rum tana cikin bakinmu kullum ba mu sani ba. Sulensu na azurfa sunansa denariyus, daga nan Larabawa suka samu dinari, mu kuma daga dinari muka samu kalmar zinari. Kustantin ya fitar da kuɗin zinari mai giram 4 da rabi, shi aka yi ta amfani da shi har halifa Abdulmalik ya buga dinarin Musulunci mai giram 4 da kwata wajen shekarar 697. Rubu'in dinarin da malamai ke ambata wajen mafi ƙarancin sadaki, wannan ma'aunin ne.

Yadda ake gane shi kuwa, abu na farko a sani shi ne da hannu aka buga shi. Ana ɗora ɗan ƙarfe tsakanin hatimi biyu a doka da guduma, don haka ba ya fita da'ira sak, hoton kan karkace, bakin kan ɗan tsage, kuma da wuya ƙwarai a samu biyu da suka yi kama ta kowace fuska. Idan aka nuna miki guda biyar, duk tsagarsu wuri ɗaya, duk lotsawarsu wuri ɗaya, daga mazubi ɗaya suka fito. Na zubi yana da ɗan layi a gefe inda mazubin ya haɗu, ko alamar an goge layin da magagari, jikinsa na da ƴan ramuka kamar fuskar masa, haruffansa kuma sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. Na biyu, ba a rubuta masa shekara da lambobin da muka sani. Duk kuɗin da aka ce na Rum ne aka ga 250 ko 300 a jikinsa, magana ta ƙare. Abin da ke kewaye da kan sarkin sunansa ne da laƙabinsa, irin su IMP, CAES da AVG, kuma suna rubuta V a wurin U, kamar CONSTANTINVS. A na ƙarshen zamaninsu, a ƙasan fuskar baya akwai haruffan garin da aka buga shi: ALE Iskandariya ta Masar ce, CONS birnin da yau ake kira Istambul, R kuwa Rum kanta.

Sai batun tsada, inda nan ne ƙaryar ta fi kauri. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada, ƙarancinsa ne ke sawa. Ƙananan na tagulla na zamanin Kustantin da ƴaƴansa an buga su ba adadi. A 1981, kusa da Misrata, an tono tuluna ɗauke da kimanin 108,000 a wuri ɗaya. A 2010 a Frome ta Ingila wani mai na'ura ya ci karo da tukunya mai 52,503, aka yi wa dukkansu kuɗi fam 320,250, in kin raba kowane ɗaya bai wuce fam 6 da ɗoriya ba. Irin waɗannan a shagunan Turai ana sayar da su kamar yadda ake sayar da tsofaffin kan sarki na wasiƙa. Gaskiya ne akwai masu tsadar gaske. Wani na zinari da Brutus ya buga shekara 42 kafin haihuwar Annabi Isa, don tunawa da kisan Julius Kaisar, an sayar da shi a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3. Amma uku kacal aka sani na zinarin a duniya, kuma shi ɗin ma a 2023 hukumomin Amurka suka mayar wa ƙasar Girka da shi, bayan an gano takardun asalinsa na ƙarya ne. Wanda ya saya ya rasa, wanda ya sayar ya shiga hannu.

Mataki-mataki, kamar fata

Duk wadda ta taɓa sayar da fata ko gyaɗa ta san ba a yi wa kaya kuɗi sai an ware na ɗaya da na biyu. Haka tsohon kuɗi. Masu wannan sana'a a ƙasashen da ke jin Faransanci suna da matakai shida da suke rubutawa a taƙaice. B shi ne wanda ya sha hannu har ya shafe, da ƙyar ake gane hoton. TB ana karanta rubutun amma gashin kai da ninkin tufa sun tafi. TTB ya ɗan goge a wuraren da suka fi tudu kawai, kamar kunci da saman kunne. SUP ya shiga kasuwa kaɗan. SPL da FDC kuwa kamar yau suka fito daga maƙera. Amurkawa suna amfani da lamba daga 1 zuwa 70. Tsakanin mataki da mataki kuɗi na iya ninkawa, shi ya sa mai saye kullum zai ce naki B ne, in ya juya baya ya zama TTB. A na Rumawa ana ƙara duba ko bugun ya zauna a tsakiya, ko sunan sarki ya fita duka, da kuma lafiyar fatar jikinsa.

Huji ko kunnen da maƙeri ya liƙa don a rataya a wuya yana zubar da darajar kuɗi a wajen masu tarawa, wannan babu musu. Amma bai taɓa azurfar ba, kuma yawancin liyarin da ke hannun matanmu darajarsu ta azurfa ce. Lissafin ba wuya. A kai shi sikelin masu zinari, irin ɗan ƙaramin nan mai batir, a auna a gabanki. Abin wuya mai liyari 10 zai ba da kusan giram 280, tsantsar azurfarsa kusan giram 234. Mai dala 10 giram 250 ne, azurfarsa 225. Sai ki tambayi kuɗin giram na ranar wajen maƙera biyu ko uku da ba su san juna ba, ki ninka. A watan Oktoba na 2025 azurfa ta haura dalar Amurka 50 kan kowace oza, wato giram 31, don haka farashin da wata ta sayar shekara biyar baya ba abin kafa hujja ba ne. In nauyin ya gaza da giram 2 ko 3 alhali babu babban huji, a yi shakka. A gwada da maganaɗisu: azurfa, zinari da tagulla ba sa kamawa, in ya kama ƙarfe ne aka shafe. Sai dai rashin kamawa ba shaida ba ce, domin dalma da farin gaci su ma ba sa kamawa. Liyari da dala in an ɗora a kan yatsa aka ƙwanƙwasa a hankali suna da amo mai tsawo, na dalma kuwa ƙararsa a mace take. Wannan gwajin kada a yi shi ga abin da ya fito daga ƙasa, domin azurfar da ta yi ɗaruruwan shekaru a binne takan yi gautsi, ta fashe kamar kasko.

Wanki

A nan ne muka fi jin takaici, domin asarar da hannun mai abu ke jawowa ta fi ta ɗan damfara. Mu mutane ne masu son ƙyalli. Tukunya a goge da toka da yashi, tasa a dirje da tsamiya ko lemun tsami, to sai a ɗauka tsohon kuɗi ma haka yake so. Ba haka ba ne. Launin nan tsanwa ko baƙi-baƙi mai santsi da ya kwanta a jikin tagulla shi ne fatarsa, shekaru ne suka gina shi, shi ne shaidar tsufansa, kuma sau da yawa hoton da rubutun a cikin fatar suke zaune. In aka cinye ta da tsami sai a tarar da jan ƙarfe mai ramuka wanda ba mai saye. Azurfa ma duhun da take yi ba lahani ba ne, amma zanen soson ƙarfe ba ya fita har abada, kuma masanin abin da madubinsa yana gani nan take.

Ga wanda ya zama dole a cire masa ƙasa, abin da ake yi shi ne a jiƙa shi a tataccen ruwa irin na farmasi, a riƙa sauya ruwan kullum na wasu kwanaki, a goge a hankali da tsohon buroshin haƙori mai laushi, abin da ya maƙale a taɓa shi da tsinken itace, ba allura ba. A lura, abin da ake kira ruwan batir a tasha iri biyu ne, akwai tataccen ruwa akwai asid, kuma asid ɗin cikin minti kaɗan zai gama da shi. Ruwan rijiyoyinmu da yawa yana da gishiri ko kanwa, shi kuwa gishiri shi ne babban abokin gabar tagulla. In kika ga wani gari-gari mai hasken tsanwa yana fitowa kamar hoda, kin goge ya dawo, wannan ciwo ne da ke cin ƙarfen daga ciki. A ware shi daga sauran, a ajiye shi wuri busasshe, maganinsa sai masana. Bayan wanki a bar shi ya bushe sarai, a riƙe shi ta gefe, a naɗe kowane ɗaya a takardarsa. Kada a zuba su tare cikin gwangwani suna gugar juna, kada kuma a daɗe da su a leda mai laushi, tana sa musu wani kore mai danƙo. Liyarin da ake sawa a wuya ranar biki, ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun ishe shi.

Abin da aka tono

Akwai bambanci tsakanin gadon gida da abin da aka haƙo a kufai ko tsohon kabari. Nijar tana da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 a kan kare kayan tarihi, wadda ta wajabta sanar da hukuma idan an ci karo da irin waɗannan kaya, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Dokar ba don ado aka yi ta ba. A Bura, cikin jihar Tilaberi, inda Boube Gado ya yi haƙa a 1983 ya fito da mutum-mutumin ƙasa da suka ba duniya mamaki, daga baya aka wawashe wuraren, kayan suka watsu a Turai, manoman da suka tono kuwa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Shi mai na'urar nan na Frome da ya ga bakin tukunya bai ciro ta ba, ya rufe ya kira masana, suka kwashe ta hawa-hawa, daga baya aka raba kuɗin tsakaninsa da mai gona.

A wurinmu inda za a nufa shi ne ofishin magajin gari ko na préfet a Tanut ko Belbeji, su ne za su sada mutum da ma'aikatan al'adu na Damagaram, daga nan zuwa gidan tarihi na Boubou Hama ko cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Kafin a je, a ɗauki hoton fuska biyu da na gefe da salula, a ajiye shi kusa da sulen dala 20 don a ga girmansa, a rubuta nauyinsa da wurin da aka same shi, kuma kada a bar wa kowa shi ya tafi da shi da sunan zai kai a gwada, sai da takarda da shaidu biyu.